Yadda Esta Ta Tsayar da Kwanan Wata

Duk wanda ya zauna a unguwar Hashimi ta Suleja a shekarun casa'in ya san Esta mai tafireta, in bai san sunanta ba ya san tafiyarta. Gajeruwar mace ce, kullum da laima a hammata ko da tsakiyar rani ne, tana sauri kamar ta baro tuwo a wuta. In ka gaishe ta a tafe take amsawa, kafin "lafiya lau" ɗin ya iso ka ta riga ta sha kwana.

'Yar wani ƙauye ce kusa da Zonkwa. Ubanta manomin citta ne, shi ya lura yarinyar ba ta da ƙarfin fartanya amma yatsunta ba sa zama wuri ɗaya, sai ya tura ta Kafanchan koyon buga tafireta. A 1981 aure ya kawo ta Suleja, lokacin da aikin gina Abuja ya kankama, jama'a suna ta kwararowa garin daga ko'ina. Mijinta direba ne a wata ma'aikata da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, shi ke jan babbar motar da ke ɗauke da injin haƙa. Bayan wasu shekaru ita ma aka ɗauke ta a ofishin, amma ɗaukar wucin gadi, irin wadda ake sabuntawa duk bayan wata uku. Shekara goma sha ɗaya tana cikin wannan wucin gadin, har furfura ta fara leƙo mata ba a tabbatar da ita ba.

Mijin nan nata suna biyu gare shi. A gida da coci Linus ne, a ofis kuma Titus. Titus ɗin yayansa ne da ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, shi kaɗai ya gama firamare a gidansu, ya kuma rasu tun Linus yana saurayi. Da aka ce ana ɗaukar direbobi amma sai mai takardar firamare, sai tsohonsu ya buɗe akwatin kwano, ya zaro takardar marigayin da ta baftismarsa, ya miƙa wa Linus. A ganin tsoho ba wani laifi a ciki. 'Ya'yan nasa ne, shi ya sayar da awaki aka sami takardar, don me za a bar wa gara ta ci? Duk ƙauyen an sani, ba wanda ya ɗauke shi abin magana. Esta ma ta sani tun kafin aure, har takan tsokane shi ta ce ita fa maza biyu take aure, ɗaya mai zuwa aiki, ɗaya mai cin tuwo.

Da sunan Titus aka ba su gida a kwatas ɗin ma'aikata, ɗaki biyu da kicin da famfo a tsakar gida. Wanda bai san Suleja ta lokacin ba zai ce ɗaki biyu har wani abu ne? To, a garin da ma'aikatan Abuja suka cika maƙil, masu gidaje suka mai da har akurkin kaji ɗakin haya, magidanci da digirinsa yana shimfiɗa tabarma a shago, ɗaki biyu da famfo ba ƙaramin rufin asiri ba ne. A nan ta haifi 'ya'yanta huɗu, daga Comfort babbarsu har auta. Dokar kwatas kuwa ɗaya ce: ranar da aka ba ka takardar ritaya, wata uku gare ka ka miƙa makulli. Ma'aikacin wucin gadi ba shi da rabo a wurin ko da ya shekara ɗari.

Da can wannan dokar ba ta dame kowa ba. Shekarun mutum a cikin fayil suke, fayil kuma a cikin kabad. Sai mutum ya cika sittin ya zarce, fayil ɗinsa yana can ƙasa ana ta ɗora masa wasu, sai ranar da wani ya tuna. Hedkwata ta gaji da wannan, a watan Maris na 1998 ta aiko da kwamfuta, tare da wata budurwa mai suna Funmi da za ta koya wa mai tafireta aiki da ita.

Esta ta kama abin da wuri. Funmi ta buɗe mata wani shafi mai gida-gida, kowane ma'aikaci da layinsa: suna, aiki, ranar haihuwa. Sati biyu ta yi tana kwashe mutum ɗari biyu da 'yan kai daga fayil zuwa shafin. Ƙwararren mai tafireta ba ya karanta abin da yake bugawa, daga ido sai yatsa, zuciya tana can wajen cefane. Haka ta buga na mijinta ta wuce. Da ta gama, Funmi ta bi kowane layi da fayil a hannu, ta fitar da jerin a takarda, shugaban ofis Mista Adebayo ya sa hannu a kowane shafi.

Sannan Funmi ta koya mata abin da ya fi burge ta.

"Anti, ba sai kin riƙa dubawa da kanki ba," in ji ta. "Kwamfuta tana da kalandarta a ciki. Ki kafa mata sharaɗi sau ɗaya, ki ce duk wanda ya cika sittin ta shafa wa layinsa ja. Finish. Daga nan ita za ta riƙa tunawa."

Esta ta kafa sharaɗin da hannunta. Da Funmi ta fita cin abincin rana sai ta ce bari ita ma ta gwada tata gwanintar: wanda ya rage masa ƙasa da wata shida, a shafa masa rawaya, don a sanar da shi da wuri. Ta danna. Nan take shafin ya ɗauki launi, ja nan, rawaya can, ba wanda ya taɓa su. Daɗi ya kama ta har ta yi tafi ita kaɗai a ofis. Ta dinga gangarawa tana kallon sunayen tsofaffin da ta sani tana girgiza kai, har ta iso wani layi rawaya. Titus Kazah, direba, 9 ga Satumba 1938.

Shekara goma sha bakwai tana wasa da sunan nan, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa sunan da shekarunsa ya zo ba. Mijinta da ko hamsin bai cika ba, mutumin da ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, saura masa wata biyar da 'yan kwanaki ya tsufa. Ta kai hannu za ta gyara shekarar, sai ta tuna da takardar da Mista Adebayo ya sa wa hannu. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta goge sharaɗin rawayan kafin Funmi ta dawo. Kafin Funmi ta koma hedkwata ta kulle shafin da kalmar sirri, ba a taɓa ranar haihuwa, ba a taɓa sharaɗin ja, ta kuma tafi da kwafinta.

Mista Adebayo ba mugun mutum ba ne, tsoron kwamfuta dai yake kamar za ta cije shi. Ko kusa da madannai ba ya kai hannu. Amma jan nan ya shiga ransa, tunda ya raba shi da rigimar waye ya tsufa waye bai tsufa ba. Firintar ofis baƙi kawai take fitarwa, don haka duk Litinin da ƙarfe tara sai ya zo ya tsaya a bayan Esta da kofin shayinsa ya ce, "Madam Esta, oya, mu ga waye ya nuna." Daga bakinsa kalmar ta bazu a ma'aikata, aka mai da mutane tumatir, in layinka ya yi ja sai a ce wane ya nuna. Wanda ya nuna kuwa, a ranar Esta za ta buga masa takarda. Litinin ta farko mutum goma sha ɗaya suka nuna, akwai wanda ya zauna a dandamalin ofis ya yi kuka da hawaye.

Ran Lahadi bayan coci ta sami Linus a bakin famfo yana shan rake.

"Baban Comfort, ka san ran tara ga Satumba za ka cika sittin?"

Ya yi dariya har rake ya shaƙe shi. "Ni? Maman Comfort, yau me aka ba ku a Zumuntar Mata?"

"Ba kai ba. Titus."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye guntun raken da ke hannunsa ya ce, "To mu je mu faɗa musu gaskiya mana. Kowa ya gan ni ai ya san ban kai ba."

Esta ta fi shi sanin ofis, don haka ba ta bari ya je ko'ina ba. Ita ta je wurin Malam Bamalli, wani dattijo da ke zama a gindin bishiya a bakin kotu yana rubuta wa mutane takardar rantsuwa. Ta ce masa wata ƙawarta ce ke da matsala. Ya saurare ta har ƙarshe yana goge tabaransa.

"Ki gaya wa ƙawar taki," in ji shi, "ranar haihuwar da mutum ya shiga aiki da ita ba a canza ta. In kuma mijin ya buɗe baki ya ce takardar ba tasa ba ce, to ya amsa laifi ke nan, shekara ashirin da ɗaya yana aiki da sunan mamaci. Kora ce, ba fansho, in bai yi sa'a ba har da 'yan sanda." Ya mai da tabaransa ya dube ta da kyau. "Ki ce mata ta kama bakinta, ta fara neman ɗaki."

Ta fara. Daga Afrilu har Agusta ba Asabar ɗin da ba ta fita ba, cikin ruwa cikin taɓo. Ba lungun Wambai da ba ta shiga ba, ta je Kwamba, ta je Madalla. Tambayar farko da mai gida zai yi ita ce, "A Abuja kuke aiki?" Da ta ce a'a sai fuska ta canza. Ta biyu, "Yara nawa?" Da ta ce huɗu sai a ce ai jiya-jiya aka kama ɗakin. Wanda ya yarda kuma sai ya ce a ba shi na shekara biyu a dunƙule, yana faɗa yana sakace haƙori, ko kunya babu. Ta roƙi Mista Adebayo ya sa baki a tabbatar da ita ko gidan ya dawo sunanta, ya buɗe hannuwa ya ce, "Madam, an dakatar da ɗaukar ma'aikata. No be my power."

Ta rame, zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Ta daina rera waƙa a Zumuntar Mata, sai dai ta motsa baki. Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta da wanda za ta yi fushi da shi. Tsohon da ya ba da takarda ya daɗe a kabari, Funmi aikinta ta yi, sharaɗin kuwa yatsunta ne suka kafa shi, har da tafi.

Ran Laraba tara ga Satumba ta riga kowa zuwa ofis. Ta kunna kwamfuta, ta buɗe shafin, ta gangara. Ga shi nan, ja wur daga farkon layi har ƙarshe. Ta zauna ta zuba wa allon ido ba ta ganin komai, har idonta ya sauka a kan ɗan agogon da ke lungun ƙasa. Funmi ta taɓa nuna mata yadda ake gyara shi in ya yi latti, in ka danna shi sau biyu sai kalanda ta buɗe. Wannan kam Funmi ba ta kulle ba. Esta ta mai da kwanan watan baya zuwa ɗaya ga Satumba, ta rufe shafin, ta sake buɗewa. Jan ya ɓace kamar an goge da tsumma.

Daga ranar, aikinta na farko kowace safiya shi ne ta mai da kalandar baya. Wasiƙun ofis da hannu take sa musu kwanan wata, don haka ba abin da ya fito fili. A gida ta ce wa Linus, "Takarda ba za ta zo yanzu ba. Kada ka tambaye ni." Shi kuwa bai tambaya ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya wanke hannu, ya ci tuwonsa har da ƙari. Wannan kam abin haushi ne, domin rashin tambayar nan ba hankali ba ne, sakar mata kayan ya yi ita kaɗai.

Litinin uku a jere shafi fari fat. Mista Adebayo ya leƙa ya ce, "Ah-ah, Madam Esta, nobody dey old again? Ba wanda ya nuna?"

"Haka ta nuna, sa."

"To. Kwamfuta ba ya ƙarya." Ya kurɓi shayinsa ya fita.

Da abin ya tsaya a nan, da sai a ce Esta ta yi dabara ta ci. Amma akwai Baba Alhassan. Lebura ne a ayarin Linus, aikinsa ɗaukar bututun ƙarfe yana miƙa wa masu haƙa. Mutumin wani ƙauye ne gaba da Lambata, manomi ne da ya shigo aikin gwamnati da girmansa, gwiwoyinsa sun gama aiki, idonsa na dama kuma yana ta rufe shi. A duk ma'aikatar shi kaɗai ne yake ɗokin ya nuna. Tun zuwan Funmi ya sa aka duba masa, aka ce masa ashirin ga watan goma. Ya yi murna, domin da damina motar haƙa hutawa take, sai ruwa ya ɗauke a watan sha ɗaya ake fita daji. A tsarinsa, kafin a fita yana gida yana girbin dawarsa. Ba zai iya ajiye aikin da kansa ba, domin wanda ya tafi ba takarda ya yafe haƙƙinsa ke nan.

Ran ashirin ga Oktoba ya zo tagar ofishinta da wankakkiyar riga, ya ajiye mata gauta a ƙullin leda.

"'Yata, na nuna?"

Esta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta manta da shi sam. Ta yi kamar tana dubawa, ta ce, "Tukuna, Baba."

"To, Allah ya kai mu. Ki dai riƙa duba mini, kin ga ita na'urar ba ta san ni ba."

Washegari ya dawo da gyaɗa. Jibi da ɗanyar kuɓewa. Kullum tambayar ɗaya, amsar ɗaya, kullum sai ya gode mata kafin ya ɗingisa ya tafi. Esta ta juya abin ta kowace fuska ta rasa mafita. Kalanda ɗaya ce a cikin kwamfutar, ba yadda za a yi ta kai ashirin ga Oktoba ba ta bi ta kan tara ga Satumba ba. In Baba Alhassan ya nuna, Linus ya nuna. Ta gwada buga masa takardar haka nan ta kai wa Mista Adebayo cikin sauran takardu, ya dawo mata da ita.

"No red, no letter. Hedkwata ta ce sai abin da kwamfuta ya nuna. Ko kina ganin ya lalace ne, in kira Funmi?"

"A'a, sa. Lafiyarta ƙalau. Ni na yi kuskure."

Ta riƙa yi wa kanta alkawari. Zuwa ƙarshen wata zan sake shi. Bari dai Comfort ta gama jarrabawa. Bari a yi Kirsimeti a gidan nan ko sau ɗaya. Kayan miyar da tsohon ke kawowa kuwa ta kasa sa su a tukunya, sai ta bai wa maƙwabta, su yi ta sa mata albarka.

Ruwa ya ɗauke. Ran tara ga Nuwamba aka ce ayari ya shirya, akwai rijiya a wani ƙauye. Da safe Linus yana ɗaure takalmi ta tsaya a kansa.

"Baban Comfort, don Allah kada ka bari Baba Alhassan ya ɗauki bututu."

"Ni direba ne, ba ni ke raba aiki ba." Ya ɗago ya dube ta. "Tsohon nan ya ce tun watan jiya ya kamata a ce ya nuna."

"Na ce maka kada ka tambaye ni."

Ya sunkuyar da kai ya ƙarasa ɗaurin takalminsa. Daga ita har shi sun san ya gane.

Ran Alhamis da azahar, kwana uku da fitarsu, Esta ta ji ƙugin motar haƙa a harabar ofis, alhali sai sati mai zuwa ake sa ran dawowarsu. Linus ya shigo ofishinta, abin da bai taɓa yi ba, rigarsa duk laka da jini. Ya ce suna sauke bututu gwiwar Baba Alhassan ta ƙi shi, ya durƙushe, ƙarfen ya sauka a kan ƙafarsa. Ya kai shi asibiti, likita ya ce sai an yanke rabin tafin ƙafar.

"Ni na ɗauke shi zuwa mota," in ji Linus. "Maman Comfort, tsohon nan ba shi da nauyi ko kaɗan. A hanya yana ta ce mini, Direba, in ka koma ka tambayar mini matarka."

Ya juya ya fita. Esta ta dubi allon. Da ta bar kalandar nan ta yi tafiyarta, da yau kwana ashirin da uku ke nan tsohon yana gonarsa da ƙafafunsa biyu. Ba wanda ya gaya mata wannan, ita ta gaya wa kanta, ta kuma yi ta maimaitawa har aka tashi aiki.

Ran Asabar ta dama kunu ta tafi asibiti. Baba Alhassan yana kwance, ƙafar a naɗe an ɗora ta kan matashi. Matarsa Dije tana zaune a ƙasa kusa da gadon, 'yar tsohuwa da ba ta taɓa shiga ofis ba a rayuwarta. Da aka ce mata wannan ce mai kula da na'ura, sai ta rarrafo ta kama gefen zanen Esta.

"Baiwar Allah, an ce ke take jin maganarki. Ki roƙa mana ita. Ga dawa can a gona tsuntsu yana ci, ga shi kwance. Ta sake mana shi haka nan, ya isa."

"Bar ta, Dije," in ji Baba Alhassan daga kan gado. "Ba laifinta ba ne. Ita ma 'yar aiki ce, abin da aka nuna mata take faɗa."

Esta ta ajiye kunun, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fito da sauri kafin kukan ya ƙwace mata a gabansu. A bayan ɗakin marasa lafiya ta tsuguna ta yi mai isarta.

Ran Litinin sha shida ga Nuwamba ta riga kowa zuwa, kamar kullum. Ta danna agogon sau biyu, kalanda ta buɗe. Ta tuna da masu gidajen da suka yi mata kallon banza, ta tuna da Comfort da ta zama budurwa, da yadda za su kwana su shida a ɗaki ɗaya in ma sun sami ɗakin. Tsoro ya cika ta, ba ta kuma ji wani ƙarfin zuciya ya sauko mata ba. Haka nan cikin tsoron ta zaɓi Nuwamba, ta zaɓi sha shida, ta buɗe shafin. Layi bakwai suka yi ja.

Ƙarfe tara Mista Adebayo ya shigo da kofinsa. "Ehen! Yau ya farka!" Ya sunkuya yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, har ya iso na Titus Kazah. "Wannan ba oga naki ba ne? Sixty? That strong man?"

"Shi ne, sa."

Ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya karanta tara ga Satumba. Ya koma kan layin Alhassan ya karanta ashirin ga Oktoba. Sannan ya miƙe ya dubi Esta, ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta kafe idonta a kan madannai tana jiran abin da zai biyo baya. Mutumin nan tsoron kwamfuta yake, amma ba wawa ba ne.

"Buga takardun," in ji shi a hankali. "Duka ki sa musu kwanan watan yau."

Ta buga su bakwai, ba kuskure ko ɗaya. Ya sa hannu. Ta Linus ta ninke ta sa a jaka, ta Baba Alhassan kuma ta roƙi a bar ta ta kai masa da kanta.

Da la'asar ta same shi ya ɗan jingina da bango. Ta miƙa masa ambulan ta ce, "Baba, ka nuna." Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta gaba da baya ko da yake ba ya karatu, ya sa ta karanta masa daga farko har ƙarshe, ta fassara. Dije ta ɗaga hannuwa sama tana hamdala.

"Na san ke kika tsaya mini," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yadda kika rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi mini."

Esta ta buɗe baki ta kasa cewa amin.

"Mu nawa muka nuna?"

"Ku bakwai, Baba."

"Da wa da wa?"

Ta lissafa masa biyar, sannan ta ce, "Da maigidana."

"Direba?" Ya yi ƙoƙarin tashi zaune. "Yaron nan? Ai ko ƙanena bai kai ba! To gidan fa? Ina za ku da yara?"

"Akwai wata uku tukuna, Baba."

Ta yi musu sallama ta fito. Ba ta wuce gida kai tsaye ba, ta biya ta kasuwa wurin Luba, mai shagon kayan masarufi da take sayen sabulu a wurinta, ta tambaye ta ko tana da kwalayen da ba ta amfani da su, manya, masu ƙwari.

"Akwai mana," in ji Luba tana jawo su daga ƙarƙashin kanta. "Tashi za ku yi, Madam? Kai, barka! A garin nan? Ina kuka sami gida?"

"Ba mu samu ba," in ji Esta. "Ba ni kwalayen."